Tambayoyi da Amsoshi Kan Aikin Malamin Ka'idar Kimiyyar Kwamfuta

Ɗalibai sun cika maimaita waɗannan tambayoyi, shi ya sa aka tattara amsoshinsu wuri guda, domin kada a sake dawowa da su.

Shin aikinsa haɗa manhaja ne ko gyaran kwamfuta?

Ko ɗaya. Masanin lissafi ne, kayan aikinsa allo da alli da takarda. Abin da yake nema shi ne hujjar da za ta tabbatar da abin da na'ura za ta iya lissafawa, da kuma yawan lokacin da lissafin zai ci. Alan Turing ya aza harsashin fannin a 1936, tun ba a ƙera kwamfuta irin ta yau ba.

Dole ne sai da digirin digirgir?

Dole ne. A Amurka yakan ɗauki shekara 5 zuwa 6, kuma galibi sai an ƙara da aikin bincike na wucin gadi a wata jami'ar kafin a samu gurbin koyarwa.

An sa sunana a ƙarshen maƙala, raini ne?

Kwantar da hankalinka. A wannan fanni ana jera sunayen marubuta ne bisa tsarin haruffa, kamar yadda masana lissafi suke yi, kuma duk wanda zai ɗauke ka aiki ya san da haka.

Sabon malami ya tunkari babbar matsala irin ta P da NP (wato ko duk matsalar da ake iya duba amsarta da sauri ana iya warware ta da sauri), ko ya tara ƙananan maƙaloli?

Wannan ce kaɗai tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta, kuma amsarta ta danganta da inda mutum yake. A jami'o'in Amurka sabon malami yana da kimanin shekara 6 kafin a yanke hukunci ko za a tabbatar da shi a kujerarsa ko a sallame shi, kuma abin da kwamiti yake dubawa shi ne maƙalolin da suka shiga manyan taruka irin su STOC da FOCS, domin a nan taro ya fi mujalla ƙima, sai kuma wasiƙun manyan masana. Wanda ya ƙarar da shekarun nan a kan matsalar P da NP da ta gagari kowa tun 1971, wadda Cibiyar Lissafi ta Clay ta sanya wa ladan dala miliyan ɗaya a 2000 kuma har yau ba a karɓa ba, yana iya tashi a tutar babu. Amma ban ce a guje wa tambaya mai zurfi ba, domin shi ma kwamitin yakan yi kuskure. Sashen lissafi na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya ƙi tabbatar da Stephen Cook a 1970, ya koma Jami'ar Toronto, shekara guda bayan haka ya fitar da maƙalar da ta kafa wannan matsala, sannan ya samu lambar yabo ta Turing a 1982. A ganina, mutum ya yanki wani ɓangare na babbar tambayar wanda zai iya kammalawa cikin shekara ɗaya ko biyu, ya bar ragowar tana dahuwa a gefe. Ko wannan shawarar ma tana iya sauyawa idan jami'arsa ta fi ba koyarwa muhimmanci.

Koyarwa ba ɓata lokacin mai bincike ba ce?

Ban so jin wannan daga bakin mai neman zama malami ba. Wanda ya kasa fahimtar da ɗan aji biyu dalilin da ya sa wata hujja take aiki, da wuya a ce shi kansa ya fahimce ta. A 2002 Manindra Agrawal na cibiyar IIT Kanpur a Indiya ya samar da hanyar tantancewa, cikin lokaci mai ma'ana, ko lamba ba ta rabuwa sai da ɗaya da ita kanta, kuma abokan aikinsa biyu, Neeraj Kayal da Nitin Saxena, ɗalibansa ne da suka fara aikin tun suna karatun digirin farko.