Wace Kotu Ce Ke Da Hurumi? Fashin Baƙi Kan Sashe Na 277

Wanda ya tashi daga Ƙofar Kudu, inda babbar kotun shari'ar Musulunci take, ya biya ta sakatariyar Audu Bako wurin Babbar Kotun Jiha, sannan ya gangara Nomansland wurin kotunan majistare, ya wuce ƙofar kotuna iri uku ke nan tun rana ba ta take ba. Dokokin da ake aiki da su a garin nan na Kano su ma tushensu uku ne: shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, da dokar da muka gada daga Turawan Ingila haɗe da waɗanda majalisu suka rubuta, sai kuma al'adun ƙabilu, irin waɗanda Ibo ko Bayarabe na Sabon Gari zai kafa hujja da su a kan aure ko gado. Abin da ke hana su karo shi ne hurumi, wato iyakar da doka ta shata wa kowace kotu. Kuma a nan ne talaka ya fi yin asara, domin kotun da ba ta da hurumi, kome kyan hukuncinta, in aka je sama rushe shi za a yi kamar ba a taɓa zama ba.

Kundin tsarin mulki na 1999 shi ne uban tafiya. Sashe na 1 ya ce duk dokar da ta saɓa masa ba ta da ƙarfi gwargwadon saɓawarta. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini a matsayin addinin gwamnati, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin yin addininsa. Duk da haka, sashe na 275 ya yarda jihar da take da buƙata ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, kamar yadda sashe na 280 ya yarda a kafa irinta ta al'ada. Shi ya sa za ka tarar Kaduna da Filato suna da duka biyun. Tamu ta shari'a a Kano, Alƙalin Alƙalai ne ke shugabantarta.

To me wannan kotu za ta saurara? Amsar tana sashe na 277, kuma gara a bi ta a hankali. Ƙarar farar hula, wato wadda ba ta laifi ba, kawai take ji, wadda ta shafi zamantakewar iyali a Musulunci. Da farko akwai aure: duk auren da aka ɗaura bisa shari'ar Musulunci, ingancinsa, rabuwarsa, da abin da ke biyo baya kamar nasaba da riƙon yara. A lura, a wannan gaɓar kundin ya dubi yadda aka ɗaura auren ne. Idan Musulmi ya auri Kirista da waliyyi da sadaki da shaidu, rikicin auren nan ya shiga hurumin kotun ko da matar tana zuwa cocinta duk Lahadi. Sai waƙafi da kyauta da wasiyya da gado, inda aka dubi addinin mai dukiyar: in mamacin ko mai kyautar Musulmi ne, magana ta shigo. Sai kula da ƙaramin yaro, da almubazzari, da mai taɓin hankali, in Musulmi ne, da ciyar da Musulmin da rauni ya kama. Gaɓar ƙarshe ta ce idan duka masu shari'ar Musulmi ne kuma suka roƙi kotun farko ta yi musu hukunci da dokar iyali ta Musulunci, to kotun za ta iya duba wata tambayar daban. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan gaɓa a matsayin ƙofa buɗaɗɗiya, amma kotunan sama sun daɗe suna taƙaita fassararta.

A ɗauka wani dattijo ya rasu a Gwammaja ya bar gida da 'ya'ya bakwai. Idan rikicin a tsakanin magada ne, kan rabon wane da wance, ko kan cewa marigayin ya ba ɗaya daga cikinsu kyautar shago tun yana raye, wannan gado ne da kyauta, kuma ɗaukaka ƙararsa tana zuwa gaban Alƙalin Alƙalai da abokan aikinsa. Amma idan wani baƙo ne ya fito da takarda ya ce ya sayi gidan tun kafin rasuwar, magada suka ce ƙarya ne, to tambayar ta koma ta mallaka: gidan na waye? Wannan, ko da an fara shi a kotun shari'a, hanyar ɗaukaka shi Babbar Kotun Jiha ce. Haka bashi, haka cinikayya, haka laifuka. Sau da yawa za ka ji tsoho ya ce wa lauya, "Barista, ai mu duka Musulmi ne, kuma a gaban alƙali muka fara." Lauya nagari zai amsa masa, "Baba, haka ne, amma abin da za a duba shi ne abin da mai ƙara ya nema a ranar farko." Da'awar da aka rubuta a kotun farko ita ke nuna hanya. Rahotannin shari'a cike suke da ƙararrakin filaye da gonaki da aka yi shekaru ana bugawa, aka kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, ta ce tun farko an ɓata hanya. Kuɗin mota da na lauya sun tafi, shaidu wasu sun mutu. Wannan abu yana ci mini rai, saboda tambaya ɗaya tak a farkon tafiya za ta iya hana shi.

Wanda ba Musulmi ba fa? Ƙa'idar da dokokin kotunan shari'a na jihohin Arewa suka ginu a kai ita ce ba a jan sa gaban alƙali dole, sai da yardarsa. Laifinsa yana zuwa majistare ko Babbar Kotu ƙarƙashin Final Kod, wato kundin laifuka na Arewa. Auren rajista kuwa, wanda ake ɗaurawa bisa dokar aure ta tarayya, na mace ɗaya ne, kuma Babbar Kotu ce kaɗai ke raba shi bisa dokar ƙararrakin aure ta 1970. Inda abin ya fi taɓa zuciya shi ne gidan da addini biyu suka haɗu. Matar nan Kirista da mijinta Musulmi ya rasu ba ta da rabo a gadonsa, domin bambancin addini yana hana gado. Sai dai shari'a ta bar masa hanyoyi biyu tun yana da rai: ya yi mata wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, ko ya ba ta kyauta ta karɓa ta riƙe a hannunta. Magidancin da ke cikin irin wannan hali ya kamata ya san wannan tun yau. Ita ma al'ada ba a sake mata linzami ba. A 2014, a shari'ar gidan Ukeje, Kotun Ƙoli ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, saboda ta saɓa wa sashe na 42 da ya haramta wariya.

Wannan tsari bai faɗo daga sama ba, kuma abin da mutane ba su cika sani ba shi ne yawancinsa zaman malamai daga ƙasashe daban-daban ne ya haife shi. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a nan Kano da malamai da aka ɗauko daga Sudan, ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Sheikh Abubakar Gumi a nan ya yi karatu kafin ya ƙaro ilimi a Sudan, ya kuma zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. A shekarar 1947 ɗin nan ce kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisa da aka yanke wa Tsofo Gubba a Gwandu bisa fiƙihun Malikiyya, abin da ya tayar da ƙura kan wace doka ce ke sama a shari'ar laifi. Da 'yancin kai ya matso, gwamnatin Sardauna ta tura wakilai Sudan da Libiya da Pakistan su gano yadda suke haɗa dokokinsu. Sannan a 1958 ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan, da 'yan gida irin su Shettima Kashim da Peter Achimugu. Shawararsu ce ta haifar da Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, aka gina shi a kan na Sudan, shi kuma na Sudan ya samo asali daga na Indiya na 1860. Ita ce kuma ta keɓe wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a al'amuran iyali. Akwai malamanmu da har yau suke ganin an tauye shari'a a wannan zama, kuma suna da hujjarsu. Amma ko mai wannan ra'ayi ba zai fahimci sashe na 277 ba sai ya san daga inda iyakarsa ta fito.

Muhawarar ba ta mutu ba. A majalisar tsara kundin mulki ta 1978, wakilai Musulmi sun fice daga zaure kan batun kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a matakin tarayya. Sulhun da aka yi shi ne yake aiki har yanzu: dole a sami aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci da uku masana al'ada a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, kuma ƙarar da ta fito daga kotun Alƙalin Alƙalai masana shari'ar ne ke zama a kanta. A 1998 kuma, a shari'ar Alkamawa da Bello, Mai Shari'a Abubakar Bashir Wali na Kotun Ƙoli ya bayyana cewa shari'ar Musulunci daban take da dokar al'ada, domin ba ta wata ƙabila ba ce. Bayan Zamfara ta buɗe hanyar faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 1999, Kano ta rubuta kundin laifuka na shari'a a 2000, saboda sashe na 36 ya ce ba a hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta shi da hukuncinsa a doka ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan ƙulli ba, kuma nan ne nake ganin jami'o'inmu suna da aiki. Kenya ta sa kotunan ƙadi a kundinta na 2010, amma sai duka masu shari'ar Musulmi ne kuma sun yarda, kan aure da saki da gado. Maleshiya a 1988 ta gyara kundinta ta hana kotunan gama-gari shiga abin da ke hurumin kotunan shari'a, sai rikici ya koma kan gidajen da ɗaya daga cikin ma'aurata ya musulunta. Indiya kuma kotu ɗaya ce ke yi wa kowa hukunci, amma tana ɗauko wa Musulmi dokar iyalinsa. Kowace ƙasa ta gwada abin da za mu koya daga gare shi, mu ma muna da abin ba su. Jami'ar Bayero tana yaye ɗalibai da digirin da ya haɗa shari'ar Musulunci da dokar gama-gari, ga reshen makarantar horar da lauyoyi a Bagauda inda ɗan Inugu da ɗan Dala ke zama aji ɗaya. Ina so in ga malamin fiƙihu na zaure, wanda ya san bayanin shufu'a (haƙƙin abokin tarayya na karɓar rabon da ɗan'uwansa ya sayar) da hauzi (daɗewar dukiya a hannun mutum) a ka, yana zama teburi ɗaya da farfesan tsarin mulki da baƙo daga Nairobi ko Kwala Lamfur, a yi bahasin da Hausa ko a fassara shi, yadda magatakardan kotu da mai unguwa za su amfana. Lauyan da ya san ɓangare ɗaya kawai shi ne ke kai wanda ya ɗauke shi kotun da ba ta dace ba.

An sha kai ƙuduri Majalisar Tarayya don a faɗaɗa hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ya wuce al'amuran iyali, ya haɗa da cinikayya da sauransu. Dokar jiha ba za ta iya yin wannan ba, sai an gyara kundin kansa, kuma sashe na 9 ya ce gyaran yana buƙatar kashi biyu cikin uku na 'yan Majalisar Dattawa da na Wakilai, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36.