Yadda kantin Marks & Spencer ya sauya salo: tambayoyi da amsoshi daga Damagaram

Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban ɗan gwanjo a kasuwar Dole yana juya riguna, da wuya a ce bai ci karo da wadda ke ɗauke da tambarin M&S a wuya ba, ko kuma tsohon tambarin St Michael. Kamfanin da ke da waɗannan tambura ya shafe shekaru yana faɗi-tashin gyara tsarin kasuwancinsa a Ingila.

Wane kanti ne wannan, kuma daga ina ya faro?

Daga tebur ya faro, kamar yadda da yawa daga cikin attajiranmu suka faro. A shekarar 1884 wani baƙo da ya yi ƙaura daga daular Rasha, Michael Marks, ya kafa teburinsa a kasuwar birnin Leeds, kuma an san shi da sayar da kowane kaya kwabo ɗaya, ba ciniki. A 1894 ya yi tarayya da Thomas Spencer. Kantin ya bunƙasa da sayar da tufafi da abinci, har a 1998 ya zama kantin farko a Birtaniya da ribarsa ta shekara guda ta haura fam biliyan ɗaya.

To, me ya jawo masa koma-baya?

Kasuwa ta sauya, shi kuwa ya yi jinkirin sauyawa. Ya daɗe yana dogara da masaƙun Birtaniya, alhali abokan gogayyarsa suna ɗinko kaya da araha a ƙasashen Asiya, kuma sai a shekarar 2000 ya yarda ya riƙa karɓar katin bashi na bankuna, abin da wasu kantuna suka daɗe suna yi. Matasa suka karkata zuwa Zara da H&M da Primark, suna ganin tufafin M&S na iyayensu ne.

Sai kuma cinikin intanet ya zo ya rage masu shiga tsakiyar gari sayayya, amma kuɗin haya da harajin gini ba su ragu ba. Kantin da ke da bene uku a babban titi dole ya biya wuta da ma'aikata ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Irin wannan nauyi na cikin abin da ya durƙusar da Woolworths, wanda ya rufe kantunansa na ƙarshe a farkon 2009, da BHS a 2016, da kantunan Debenhams a 2021. A watan Satumba na 2019 aka cire M&S daga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan, karo na farko tun da aka kafa jerin a 1984.

Wane gyara aka yi takamaimai?

Mutane kan ɗauka cewa zamanantar da kanti yana nufin buɗe shafin intanet, amma a ganina aikin da ya fi nauyi a nan shi ne na rufe ƙofofi. A 2018 kamfanin ya bayyana cewa zai rufe kantuna sama da 100, kuma a 2022, shekarar da Stuart Machin ya karɓi ragamarsa, aka tsara rage manyan kantunan da ke sayar da komai daga 247 zuwa 180, tare da ƙara waɗanda ke sayar da abinci zalla. An bar tsofaffin gine-gine na tsakiyar gari aka koma wuraren da mai mota zai samu inda zai ajiye motarsa.

A ɓangaren abinci, kamfanin bai ƙirƙiri hanyar kai kaya gida da kansa ba. A 2019 ya sayi rabin sashen ciniki na Ocado, wanda ya riga ya ƙware a wannan aiki, a yarjejeniyar da aka ƙiyasta kan fam miliyan 750, kuma aka soma kai kayan M&S gidaje a Satumban 2020. A 2022 ya saye Gist, kamfanin da ke yi masa jigilar abinci, domin motoci da rumbuna su koma hannunsa. A ɓangaren tufafi kuwa, ya rage yawan samfuran da yake ɗinkawa, ya rage yawan karya farashi, ya kuma soma sayar da kayan wasu kamfanoni a shafinsa, alhali a da kusan tambarinsa kaɗai yake sayarwa.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Ga masu hannun jari ta biya, domin a Satumban 2023 kamfanin ya koma cikin jerin nan na 100, kuma a ƙarshen shekarar ya dawo da rabon riba bayan shekaru huɗu. Ga ma'aikata 7,000 da aka sanar da rage su a Agustan 2020, da tsofaffin da suka saba zuwa kantin garinsu a ƙafa, lissafin dabam ne.

Ina ruwan ɗan kasuwar Damagaram da wannan labari?

Ba mu da kanti mai rassa ɗaruruwa, amma sauyin ya riga ya shigo mana ta wayar salula. Mai atamfa a Dole yana ɗaukar hoton sabon turmi da ya sauke daga Kano, ya ɗora a WhatsApp, mai saye a Tanut ko Gure ta zaɓa, ta turo kuɗi ta NITA ko Al Izza, yaro ya kai ƙunshin tasha a rubuta sunanta a jikin leda. Wannan ɗan kasuwa yana fuskantar tambayar da M&S ya fuskanta: shin ya kama shago na biyu ya biya haya, ko ya kama ɗakin ajiya mai araha a Sabon Gari ya ƙara yaron aike? Akwai kuma batun kayan da suka kwanta. Yawancin masu shago sun san abin da suka sayar yau, amma kaɗan ne ke iya faɗin turmi nawa ne ya shekara a kan kanta yana shan ƙurar hunturu, alhali jarinsu ne ke kwance a wurin. Rage samfura da M&S ya yi maganin wannan ciwo ne, kuma littafi da alƙalami sun isa a fara shi.

Babu haɗari idan ciniki ya koma kan waya da kwamfuta?

Akwai, kuma M&S ya ɗanɗana. A watan Afrilu na 2025 masu kutse suka shiga kwamfutocinsa, ya dakatar da karɓar odar tufafi ta intanet fiye da makonni shida, wasu kantoci suka zama fayau saboda tsarin rarraba kaya ya rikice, kuma kamfanin da kansa ya ƙiyasta cewa lamarin zai ci masa kusan fam miliyan 300 na riba. A wasu wuraren ma'aikata sun koma lissafi da takarda.

Namu haɗarin ya fi wannan kusa. Wuta kan ɗauke, rezo kan tafi, waya kan ɓace da lambobin masu saye da jerin masu bashi a cikinta, ga kuma masu turo hoton shaidar biya ta ƙarya. Shi ya sa masu shago da dama a Dole ba sa sakin kaya sai sun ga kuɗin a hannu ko saƙon ya shigo wayarsu, kuma littafin bashi yana nan a ƙarƙashin kanta.