Shin da gaske Birtaniya na ba duk wanda ya ce shi ɗan luwaɗi ne mafaka?

Tun daga 2024, lokacin da Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalansu, wata magana take yawo a WhatsApp da TikTok. Wai idan bizarka ta kusa ƙarewa, ka je ka ce musu kai mai neman maza ne, ko ke mai neman mata ce, nan take za a ba ka takardar zama da gida da kuɗin kashewa. Har akwai dillalan da ke karɓar kuɗi don su koya wa mutum abin da zai faɗa. Can gefe kuma ga waɗanda da gaske suka gudo da ransu, sun ƙi zuwa asibiti, sun ƙi faɗa wa lauyansu gaskiya, saboda an ce musu maganar za ta kai ofishin jakadancin Najeriya, daga nan ta isa gida. Duka biyun ba haka doka ta ce ba, kuma kowanne na iya jefa mutum cikin halaka.

Tushen maganar shi ne yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951. Ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ke da dalilin jin tsoron za a gallaza masa a ƙasarsa saboda launin fata ko ƙabila, ko addini, ko ƙasar da ya fito, ko ra'ayin siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukuni na jama'a. Kotunan Birtaniya sun sa 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo da masu neman jinsi biyu da waɗanda suka sauya jinsi a cikin rukuni na ƙarshe. Ƙofar da suke bi ita ce wadda Musulmin Rohingya ko ɗan adawar Eritiriya ke bi, ba wata ta musamman ba. Kuma ba su ne suka cika layi ba: a 2023 kimanin kashi 2 cikin ɗari ne kawai na masu neman mafaka suka ambaci wannan dalili, 'yan Pakistan ne kan gaba.

Abin da ake bayarwa mafaka a kansa shi ne haɗari. Game da Najeriya, haɗarin a rubuce yake. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyarsu ko nuna soyayyarsu a bainar jama'a, ga kuma hukuncin shari'ar Musulunci a jihohi 12 na Arewa. Amma sanin haka bai wadatar ba. Sai mutum ya gamsar da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya cewa shi kansa wannan haɗari ya shafa.

A da, jami'ai kan ce wa mutum ya koma gida ya riƙa ɓoye halinsa, ai ba wanda zai taɓa shi. Kotun Ƙoli ta rushe wannan a watan Yulin 2010, a shari'ar wasu mutum biyu, ɗaya ɗan Iran, ɗaya ɗan Kamaru wanda taron jama'a suka lakaɗa wa duka kafin ya tsere. Kotun ta ce idan tsoron duka ko ɗauri ko kisa na cikin abin da zai sa mutum ya ɓoye, to ɗan gudun hijira ne. Idan kuwa zai ɓoye ne kawai don kada ya ɓata wa iyayensa rai ko ya kunyata dangi, ba shi da mafaka. Wanda ya tashi a Kano ko Garwa ya san waɗannan dalilai biyu a cakuɗe suke a zuciya ɗaya, amma a gaban jami'i sai an rarrabe su.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne sashe na 32 na dokar 'yan ƙasa da iyakoki ta 2022, wadda ta shafi duk wanda ya nemi mafaka daga 28 ga Yunin shekarar. Kafin nan ma'auni ɗaya ne, kuma mai sauƙi: in akwai yiwuwar labarinka gaskiya ne, ko da ba ta kai rabi ba, a yarda. Dalilin sassaucin shi ne kuskure a nan rai yake ci. Yanzu an raba tambayar gida biyu. Da farko sai ka nuna cewa gaskiyarka ta rinjayi shakka a kan abu biyu: kai ɗin haka kake, kuma da gaske kana jin tsoro. Bayan ka tsallake wannan ne za a koma tsohon ma'aunin, a duba ko akwai yiwuwar a cutar da kai in an mayar da kai.

To da me mutum zai tabbatar da abin da ya kwashe shekara ashirin yana binnewa? Ba shi da hoto, ya goge saƙonni da hannunsa, wataƙila ma an yi masa aure har da 'ya'ya. Ƙa'idar ma'aikatar ta hana jami'ai tambayar abin da ke faruwa a ɗaki, ta kuma hana karɓar hotunan batsa a matsayin shaida. Kotun Tarayyar Turai ma ta haramta irin wannan a 2014, sannan a 2018 ta haramta gwajin ƙwaƙwalwa don gano halin mutum, a ƙarar da wani ɗan Najeriya ya shigar kan ƙasar Hungari. Abin da ya rage shi ne baki: yaushe ka gane kanka, yaya ka ji, wa ya sani, me ya faru ranar da asiri ya tonu. Sa'o'i ake yi ana tambaya, ana dawowa kan magana ɗaya ta fuskoki daban-daban. Wanda ya haddace labarin wani, a nan yake tuntuɓe. Sai dai Bahaushen da aka raina da kunya, wanda ga tafinta Bahaushe ɗan'uwansa zaune a gefe yana jin komai, shi ma a nan yake yin shiru, shirun nan kuma a rubuta shi a matsayin rashin gaskiya. Wannan sashe na 32, a ganina, ya fi danne mai gaskiyar da bai iya magana ba fiye da maƙaryacin da ya iya tsara zance. Mutum yana da damar neman a sauya masa tafinta, ko a ba shi jami'i namiji ko mace, kuma da yawa ba su san da haka ba.

Jinkiri ma yana cizo. Wata doka ta 2004 ta umarci jami'i ya ɗauki rashin neman mafaka da wuri a matsayin abin da ke rage amincin magana. Wanda ya yi shekara uku da bizar karatu bai ce komai ba sai da aka ba shi wa'adin fita, sai ya yi bayani mai gamsarwa. Ga maza kuma akwai ƙari: Najeriya da Gana suna cikin jerin ƙasashen da doka ke ɗauka babu haɗari a cikinsu ga maza gaba ɗaya, don haka in aka yanke cewa buƙatarka ba ta da tushe ko kaɗan, babu ɗaukaka ƙara.

Hukuncin ƙarya kuwa dillalai ba sa faɗarsa. Neman izinin zama ta hanyar yaudara laifi ne da ke kai mutum gidan yari har shekara 2, kuma ko an riga an ba ka mafakar, ana iya ƙwace ta ranar da aka gano. Shi ma mai ba da shawara kan shige da fice ba tare da rajista ba, ɗaurin shekara 2 na iya hawa kansa. Gidan da ake kwaɗaita maka, ɗaki ne a garin da suka zaɓa, ba kai ba, kuɗin mako bai kai fam 50 ba, kuma ba ka da izinin aiki sai in ka shekara kana jira, shi ma a wasu ayyuka ƙalilan. In an ba ka mafakar, takardar tafiyarka tana aiki ko'ina ban da ƙasarka. Ka sabunta fasfon Najeriya ko ka je gida, ka buɗe ƙofar a soke matsayinka. Mahaifiyarka ta rasu a Zariya, sai dai ka karɓi gaisuwa ta waya. Ga shi a Nuwamban 2025 gwamnati ta sanar da shirin mayar da mafakar ta wata 30, ana sake dubawa, zaman dindindin kuma sai bayan shekara 20.

Masu tsoron tonuwar asiri kuwa, ƙa'idar shige da fice ta hana ma'aikatar sanar da hukumomin ƙasarka cewa ka nemi mafaka, balle dalilin. Asibiti kuma ba ofishin shige da fice ba ne. A Ingila kowa na iya rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP, kyauta, ba sai da fasfo ko shaidar adireshi ba. Sashen gaggawa kyauta ne. Gwaji da maganin cuta mai karya garkuwar jiki kyauta ne ga kowa tun Oktoban 2012, ko da mutum ba shi da takarda ko ɗaya, haka ma tarin fuka da cututtukan sanyi. Mai jiran hukunci kan mafakarsa ba ya biyan kuɗin asibiti sam. Dokar daidaito ta 2010, wadda ta hana a wulaƙanta mace saboda hijabinta, ita ce ta hana ma'aikacin lafiya juya wa mutum baya saboda wanda yake nema.

Wuri ɗaya ne ya kamata a kula. Wanda aka ƙi ba shi mafaka, ƙararrakinsa suka ƙare, kuma ba ya karɓar tallafin gwamnati, ana iya cajinsa kuɗin kwanciya ko tiyata a Ingila, ban da Sikotlan da Wales. Bashin da ya kai fam 500 ya wuce wata biyu ba a biya ba, kuma ba a yi yarjejeniyar biya ba, ana kai rahotonsa ma'aikatar. Sunan mutum da adadin bashin ake turawa, ba abin da ya faɗa wa likita ba.