Waiwaye: Wa ya zana hamada, kuma me ya gani a cikinta?

Tun kafin wani Bature ya ɗauko fenti ya nufo Sahara, mutanen cikinta sun riga sun zana ta a jikin duwatsu. A Tassili n'Ajjer da ke kudu maso gabashin Aljeriya akwai irin wannan zane sama da 15,000: garken shanu, maharba da baka, mata a bakin bukka. A Dabous kuwa, arewa da Agadas kan hanyar Arlit, an sassaƙa raƙuman dawa biyu a kan falalen dutse, babban ya haura mita 5. A wancan zamani ƙasar tana da ciyawa da tafkuna. Raƙumi ma daga baya-bayan nan ya shigo zanen, shi da Tifinagh, rubutun Abzinawa, bayan ƙasa ta bushe. Duk inda ka duba, zanen cike yake da mutane da dabbobi.

Da Faransa ta fara mamaye Aljeriya a 1830, masu zane suka biyo sawun soja, kuma abin da ya ja hankalinsu daban ne. A 1867 Gustave Guillaumet ya yi zanen Sahara da ke ajiye yau a gidan tarihi na Orsay a Paris: mushen raƙumi yashe a fili fetal, can nesa ga ayari kamar kawalwalniya. Gwaninta kam akwai ta. Amma hoton ƙasar da ba kowa a cikinta ya yi wa mai niyyar mamaya daɗi, domin filin da ba mai shi ba ya bukatar sallama.

Su kansu Abzinawa sau biyu aka sauya musu kama. Bayan da suka hallaka tawagar Kanar Flatters na sojan Faransa a 1881, sai aka riƙa nuna su a matsayin mahara masu takobi. Da aka murƙushe yaƙin da jagoran Abzinawa Kaocen ya yi da Faransa a Agadas a 1917, tsoro ya kwanta, sai sha'awa ta maye gurbinsa. Mai zane Bafaranshe Paul-Élie Dubois ya je tsaunukan Hoggar na kudancin Aljeriya a 1928 ya dawo da zane-zanen da suka yi masa suna: dogon namiji a kan farin raƙumi, ya ja amawali, ido kawai ake gani. Abin da mai kallo a Paris bai sani ba shi ne, wannan rawani mai ƙyalli da ke rina fatar mai shi daga ƙasar Hausa ya fito. Turkuɗi ne na marinar Kura ta Kano, wanda aka rina da baba aka buga shi har ya yi sheƙi, ayari ya kai shi arewa, ya sauko da kantun gishirin Bilma da dabino. Cinikin nan ba kasafai yake shiga zane ba. Haka ma matar da ta mallaki tantin, da maƙerin da ya ƙera sirdin.

Ko zanen duwatsun bai tsira ba. A 1956 wani mai bincike Bafaranshe, Henri Lhote, ya kai masu zane Tassili suka kwafe ɗaruruwa, aka baje kolinsu a Paris, duniya ta san da wurin. Sai dai jiƙa dutsen da suka riƙa yi da soso don launi ya fito ya dusasar da wasu zanen, daga baya kuma aka gano cewa wasu 'yan tawagar sun ƙirƙiro ƙaryar zane mai kama da na Masar, ya shiga cikin na gaskiya.

Farin 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobi, suka tura makiyaya cikin gari, kuma daga wannan tsara ne Abzinawa suka fara riƙe burushin da kansu. Rissa Ixa, ɗan Nijar, ya riƙa zana rayuwar zango a bayan gilashi, ga shayi a kan gawayi, ga mata suna kafa tanti, don kada yaran da aka haifa a birni su tashi ba su san ta ba. Hawad, wanda aka haifa a Abzin a 1950, ya bi wata hanya: haruffan Tifinagh yake watsawa da tawada har su koma zane.

Masu sayen zane dai galibi 'yan yawon buɗe ido ne, su kuma ƙafarsu ta ɗauke daga Agadas bayan tawayen 2007 da sace ma'aikatan ma'adinai a Arlit a 2010. Kasuwar ta koma intanet, inda har yanzu raƙumi da tudun yashi da faɗuwar rana suka fi tafiya. Ramukan yuraniyom na Arlit, da motocin Hilux masu zuwa haƙar zinariya a Djado da ke arewa maso gabashin Nijar tun 2014, da wuya ka gan su a jikin bangon falo.