Wai "tafin Viking" shi ne rawar gargajiyar Iceland?

Yanzu ko wasan unguwa aka ci sai ka ga samari sun ɗaga hannu sama, ganga ta ce dum dum, su tafa su ce HU! Mai sharhin wasanni a rediyo kuma sai ya dafa musu, wai ai tafin Viking kenan, rawar gargajiyar mutanen Iceland tun zamanin kakanninsu mayaƙa. Jiya ma wani ya maimaita a gidan kallon ƙwallo, har da rantsuwa.

Jama'a, tafin nan sabon yanka ne. Magoya bayan kulob ɗin Stjarnan na Iceland ne suka kwaso shi wajen 'yan Motherwell na Scotland a 2014, duniya ta san shi a gasar Turai ta 2016 da 'yan Iceland suka kora Ingila gida da ci 2-1, mu kuma mun sha kallonsa a 2018, shekarar da Ahmed Musa ya zura musu biyu a gasar kofin duniya a Volgograd ta Rasha.

Rawarsu ta asali sunanta vikivaki, kuma nan ne ake ƙara tafka wani kuskuren, da an ji "viki" sai a ce ai daga Viking ne. Sai wajen shekara ta 1600 kalmar ta fara bayyana a rubuce, lokacin kuwa an yi ɗaruruwan shekaru da rufe babin Viking, ƙasar ma tun wajen shekara ta 1000 ta karɓi Kiristanci. A harshensu akwai kalmar vaka, ma'anarta kwana ido biyu, don Allah kar wani ya ce min daga "waƙa" tamu aka samo ta, kama da wane ba ta wane.

Yadda ake yin ta, maza da mata su riƙe hannu su yi da'ira, babu ganga babu goge, wani ya ja baiti sauran su yi amshi, ana takawa a hankali ana zagayawa har dare ya raba, galibi a jajibirin bukukuwan coci. Malaman coci kuwa ba su so abin ba ko kaɗan. Akwai wata gona mai suna Jörfi a yammacin ƙasar da shagalinta ya yi ƙaurin suna har hukuma ta hana shi a farkon shekarun 1700, labarin baka ma cewa yake an samu ciki 19 a taron ƙarshe, to ka ji dalili. A ƙarni na 18 rawar ta mutu murus, sai a ƙarni na 20 aka tono ta, a 1951 aka kafa ƙungiyar raye-rayen gargajiya a Reykjavik, babban birnin ƙasar. Maƙwabtansu na tsibiran Faroe su tasu rawar da'irar ba ta taɓa yankewa ba.

Ni dai abin da ke ba ni haushi, mai jan vikivaki sai ya haddace baitoci rututu a ka, amma an ɗauki sunan gargajiyar an liƙa wa abin da gaba ɗaya waƙarsa HU ce.