Ƙunshin ƙamshi

Ƙunshin ƙamshi dabara ce ta rufe ɗigon man turare a cikin ɓawo siriri, don kada ƙamshin ya tashi sai an fasa ɓawon ko ya narke. Kowane ƙunshi kamar kafson magani yake, sai dai ido ba ya ganinsa. Yawancin waɗanda ake zubawa a kayan wanki faɗinsu yana tsakanin maikiron 5 da 50, alhali kaurin silin gashin mutum yakan kai wajen 70. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ana samun irin wannan ƙunshi a ruwan tausasa tufafi, da garin sabulu, da turaren hammata, irin waɗanda ake jerawa a shagunan Makola da kasuwar Nima a Accra.

Asali

Ba don turare aka ƙirƙiro dabarar ba. A 1929 wasu masana sinadarai biyu na ƙasar Holan, Bungenberg de Jong da Kruyt, suka bayyana yadda wasu danƙo-danƙo da aka narkar a ruwa suke warewa su dunƙule wuri guda. An yi shekaru ba a ci moriyar wannan ilimi a masana'anta ba, sai da Barrett Green na kamfanin NCR da ke Dayton a jihar Ohio ta Amurka ya ɗauke shi. Shi da abokin aikinsa Lowell Schleicher suka nemi rajistar fasahar a 1953, kuma a 1954 takardar kwafi marar kabon ta shiga kasuwa.

Wannan takarda ita ce ta littafin rasit da mai shago yake cikewa, ya yage ta sama ya miƙa wa mai saye, rubutun kuma ya fito a ta ƙasa. Bayan ta sama shafe yake da ƙananan ƙunshi masu ɗauke da rini marar launi. Bakin biro yana dannawa sai su fashe, rinin ya taɓa farar ƙasar da aka shafa wa takardar ƙasa, launi ya bayyana.

Abin da ya kamata mai karatun Hausa ya lura da shi shi ne kayan haɗin ɓawon farko: jalatin, wato danƙon da ake samu daga fata da ƙashin dabba, da kuma ƙaro. Ƙaron nan dai na bishiyar dakwara ne, wanda malaman makarantar allo a Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a Ghana, suke jiƙawa a tawada don ta kama allo, kuma Sudan da Chadi da Nijeriya ne manyan masu fitar da shi. Akan kaɗa mai a ruwan jalatin mai ɗumi har ya tsattsinke ya zama ƙananan ɗigo, a zuba ruwan ƙaro, sannan a ɗiga ɗan asid. Daga nan jalatin da ƙaro sai su riƙa jan juna, su ware daga ruwan su lulluɓe kowane ɗigo. Sai a sanyaya haɗin, a sa masa sinadarin da zai taurara ɓawon.

Turare ya shigo wajen 1965, lokacin da kamfanin 3M ya fito da takardar da ake kankarewa a shinshina, aikin da ake dangantawa da Gale Matson. Daga baya mujallu suka riƙa ɗaukar tallan turare ta wannan hanya.

Yadda yake aiki a tufa

Ƙunshin kayan wanki na yau yawanci ɓawonsa na roba ne, irin su melamin. A ɗauraya ta ƙarshe yakan maƙale a zaren yadi. Idan an shanya tufa ta bushe, ɓawon sai ya yi gautsi, goga kaɗan ta isa ta fasa shi. Shi ya sa kaftanin da ya yi mako biyu a akwati yake tashi da ƙamshi ranar Juma'a da zarar an zura hannu a cikinsa. Akwai wani nau'in da ake yi da sitaci ko ƙaro, wanda danshi ke narkarwa, don haka gumi ne ke buɗe shi.

Matan Zango sun daɗe da tasu hanyar, ta kifa kabbasa a kan kaskon turaren wuta su lulluɓa mata tufafi har hayaƙi ya ratsa zare, ko su shafa humra. Bambancin shi ne wannan ƙamshi yana fita a hankali tun daga ranar farko, shi kuwa na ƙunshi a rufe yake har sai an motsa tufar.

Masana'anta

Manyan kamfanonin da suke haɗa ƙunshin ƙamshi sun haɗa da Givaudan da dsm-firmenich da IFF da Symrise.

Taƙaddama

Ɓawon roba ba ya ruɓewa da wuri, kuma wanda bai maƙale a tufa ba yana bin ruwan wanki. A unguwannin Nima da Maamobi na Accra wannan ruwa babbar kwata yake shiga, ya gangara kogin Odaw zuwa tafkin Korle, ya faɗa teku. Tarayyar Turai ta sa wannan ƙunshi cikin ɓarɓashin robar da ta taƙaita a dokar 2023, ta ba kamfanoni wa'adi zuwa Oktoban 2029 su sauya. Masana'antar na cewa kasonsa kaɗan ne a gurɓatar ruwa, masu kare muhalli ba su gamsu ba. Cikin kayan da ake gwadawa don ɓawo mai ruɓewa akwai jalatin da sitaci da ƙaro.