Azuzuwan kalmomin Turanci: aikin kalma ke nuna ajinta

Yaron da ya zauna gaban malam a makarantar Arabiyya a Aboabo ko Asawase a Kumasi ya riga ya ji cewa magana kashi uku ce: ismi, fi'ili da harafi. Da wannan rabon Ajurrumiyya, littafin nahawun Larabci, ta buɗe, kuma marubucinta ya rasu a Fas tun 1323. Idan yaron ya shiga ajin boko aka ce masa parts of speech guda 8 ne, sai gabansa ya faɗi. Ya kwantar da hankalinsa. Ilimin ɗaya ne, an dai ƙara tsattsage shi.

Abin da ake nufi shi ne rarraba kalmomi aji-aji bisa ga aikin da kowacce ke yi a cikin jimla. Noun shi ne suna, pronoun wakilinsa, verb kuwa aikatau, wato fi'ili. Adjective sifa ce mai bayyana suna, adverb kuma bayanau ne mai faɗin yaya, yaushe ko a ina aka yi aikin. Sauran ukun ƙanana ne: preposition mai nuna dangantakar wuri ko lokaci, conjunction mai haɗa kalmomi da jimloli, da interjection ta motsin rai. Lissafin 8 ɗin gado ne daga nahawun Girkanci da Latin, shi ya sa wasu littattafan yanzu ke ware irin su "the" da "a" su ba su aji na 9.

Abin da ke damuna shi ne yadda 'ya'yanmu ke haddace takwas ɗin tiryan-tiryan, amma a ja layi ƙarƙashin kalma ɗaya a takardar BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, sai su rikice. Dalili kuwa, kalmar Turanci ba ta zama aji guda. Ɗauki fast. A cikin "We fast in Ramadan" aikatau ce, azumi muke yi. A "The fast ends at sunset" ta koma suna. "A fast trotro" sifa ce, tana bayyana motar. "The driver drives fast" kuwa bayanau ce, tana faɗin yadda yake tuƙi. Harufan ba su canza ba, mazaunin ne ya canza. Don haka ka dubi maƙwabtan kalmar tukuna: me ya gabace ta, wa take yi wa hidima?

Akwai wurare biyu da mu 'yan zango muka fi tuntuɓe. Na farko he da she. Twi ba ya bambance namiji da mace a wakilin suna, Hausarmu ta Kumasi ma ta sassauta wannan bambancin, sai ka ji yarinya tana zancen mahaifiyarta tana cewa he. Na biyu, ɗan harafinmu "a" shi kaɗai yake ɗaukar kayan da Turanci ya raba wa uku: at Kejetia, in Kumasi, on Friday. Wannan kam dokoki ba su isa ba, sai da yawan karatu kunne ya saba.

Ɗalibi ya ɗauki sakin layi ɗaya daga jarida, ya fara nemo aikatau na kowace jimla ya ja masa layi, sannan ya tambayi wa ya yi aikin, wa aka yi wa.